Me ya sa manyan kamfanoni ke roƙon a ɗora musu harajin hayaƙi?

Nafi'u:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masu ilimin tattalin arziki da na makamashi a wannan zaure. Kowa ya san ɗan kasuwa ba ya ƙaunar haraji, ko sisi aka ƙara masa sai an ji kukansa. Amma ga shi a Amurka manyan kamfanoni, har da na mai irin su ExxonMobil da BP da Shell, sun fito fili sun ce suna goyon bayan gwamnatin tarayya ta sa haraji a kan iskar kabon da ake fitarwa, domin a rage ɗumamar yanayi. Su ne fa masu sayar da abin da ke haifar da hayaƙin. Ruwa ba ya tsami banza. Me suke nema? Yaya ake karɓar irin wannan haraji, alhali hayaƙi ba kaya ba ne da za a ɗora a sikeli? Kuma in har masu kuɗin sun yarda, me ya hana a kafa dokar?

Malam Habu:

Wa alaikumus salam Malam Nafi'u. Ba sadaka suke yi ba, kuma ba duka ne yaudara ba. Ciniki ne, sai ka ga abin da aka ajiye musu a ɗaya gefen kafin ka gane.

Shirin da aka fi tattaunawa a kansa ya fito a watan Fabrairun 2017, daga James Baker da George Shultz, dukansu tsofaffin sakatarorin harkokin waje kuma 'yan jam'iyyar Rifablikan, ƙarƙashin ƙungiyar Climate Leadership Council. A fara da dala 40 a kan kowane tan na iskar kabon, a riƙa ƙarawa kowace shekara. Kuɗin kada su zauna a baitulmali, a raba wa 'yan ƙasa daidai wa daida, suka ƙiyasta iyali mai mutum huɗu zai samu kimanin dala 2,000 a shekarar farko. A iyaka, kayan da suka shigo daga ƙasar da ba ta da irin wannan haraji a caje su, kayan Amurka da za su fita a mayar musu da abin da suka biya. Sai na ƙarshe, wanda shi ne tsokar ga kamfanoni: a janye ƙa'idojin hukumar kare muhalli ta EPA a kan hayaƙin masana'antu, tunda haraji ya maye gurbinsu. A watan Yunin shekarar ExxonMobil da BP da Shell da Total da General Motors da Unilever da PepsiCo suka sa sunansu. A Satumbar 2020 Business Roundtable, ƙungiyar shugabannin manyan kamfanoni wajen 200, ta goyi bayan a sa wa kabon farashi, a Maris 2021 ƙungiyar kamfanonin mai ta API ta bi sahu.

Babban abin da suke saye da wannan goyon baya shi ne tabbas. Wanda zai gina tashar lantarki ko matatar mai yana lissafin shekara 30 zuwa 40. Dubi abin da ya faru da ƙa'idar tashoshin lantarki: gwamnatin Obama ta fitar da tata a 2015, Kotun Ƙoli ta dakatar da ita a Fabrairun 2016, gwamnatin Trump ta musanya ta a 2019, a Yunin 2022 kotun ta sake taƙaita ikon EPA, gwamnatin Biden ta kawo wata a 2024, wadda ta biyo baya ta kama hanyar rushe ta. Akanta ba zai iya sa wannan a cikin lissafi ba. Amma in an ce masa tan dala 40 ne bana, kuma zai riƙa hawa da kashi 5 cikin 100 a kan hauhawar farashi, kamar yadda ƙungiyar ta fayyace a 2019, ya san cikin shekara 14 farashin zai ninka. Sai ya ɗauko biro ya ga ko tashar kwal za ta mayar da kuɗinta. Ga kuma jihohi kowacce da nata tsarin: Kalifoniya na da kasuwar takardun izinin hayaƙi, inda kamfani ke sayen izinin kowane tan da zai fitar, tun 2013, jihohin arewa maso gabas na da tasu ta tashoshin lantarki tun 2009. Kamfanin da ke aiki a jiha 50 ya fi son doka ɗaya.

Na biyu, harajin ba ya cizon kowa daidai. Manyan kamfanonin mai su ne kuma manyan masu haƙo iskar gas. Abokin hamayyar gas a tashar lantarki shi ne kwal, kuma kwal na fitar da hayaƙi fiye da ninki biyu na gas a kan wuta iri ɗaya. Ranar da aka sa harajin, kwal ne zai fara faɗuwa, kasuwarsa ta koma hannun masu gas. Shi ya sa ba za ka ga sunan kamfanonin kwal a cikin waɗannan jerin ba. Shi kuwa fetur, mai mota ba ya daina zuwa aiki don lita ta ƙaru da santi goma (santi 100 ne dala ɗaya), saboda haka mafi yawan kuɗin a kan mai saye suke sauka.

Na uku, cajin iyaka kariya ce ga masana'antun gida. Kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfen Amurka daga tsofaffin ƙarafa ake narka shi da wutar lantarki, na Sin kuwa mafi yawa daga tama ne da kwal. In aka caji kowa gwargwadon hayaƙinsa, na Amurka ya samu rata a kasuwar gida.

Masana tattalin arziki sun daɗe a kan wannan ra'ayi. A Janairun 2019 an buga wata sanarwa da ta samu sa hannun masana fiye da 3,500, ciki har da masu kyautar Nobel sama da 25 da duk tsofaffin shugabannin babban bankin Amurka huɗu da ke raye a lokacin. Hujjarsu ita ce gwamnati ba ta san wace masana'anta ce za ta iya rage tan ɗaya da dala 10 ba, wace ce sai da dala 200. Farashi ne ke tono wannan: wanda ragewa ta fi masa arha ya rage, wanda ta fi masa tsada ya biya.

Injiniya Larai:

Bari in ɗauki tambaya ta biyu, ta sikeli. Ba hayaƙin ake aunawa ba, Malam Nafi'u, man ake aunawa. Kabon ɗin da ke cikin lita ɗaya na fetur sananne ne, kuma in aka ƙona shi duka yake fita. Lita ɗaya ta fetur na ba da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, ta dizal kusan kilo 2.7. Kada ka yi mamakin ya fi nauyin man kansa, kowane kilo 12 na kabon yana haɗuwa da kilo 32 na iskar da muke shaƙa ya zama kilo 44. Gangar ɗanyen mai guda kimanin tan 0.43 ce.

To ninka da dala 40. Litar fetur ta ƙaru da santi 9, ta dizal da kusan santi 11, galan na Amurka da kimanin santi 36, ganga da dala 17. A lantarki, tashar kwal na fitar da kusan kilo ɗaya a kan kowane yunit na mita, tashar gas ta zamani kuwa wajen kilo 0.4. Kenan santi 4 a kan yunit na kwal, ƙasa da santi 2 a kan na gas. Wannan ratar ce Malam Habu ke nufi, kuma a kasuwar sarin lantarki ta isa ta sauya wace tasha za a kunna da safe.

Inda ake karɓa shi ne tushe: bakin ma'adanin kwal, ƙofar matata, masana'antar tace gas, da tashar jiragen ruwa inda mai ke shigowa. Matatun Amurka ba su wuce 130 da ɗoriya ba. In ka haɗa da ma'adanai da sauran, wurare 'yan dubbai ne, kuma da su za ka kama kusan kashi huɗu cikin biyar na hayaƙin ƙasar. Ba sabon ofishi ake buƙata ba, don an riga ana karɓar wani haraji a kan kowane tan na kwal a bakin rami da kowace ganga a matata. Amurka na fitar da kusan tan biliyan 5 a shekara daga ƙona makamashi, saboda haka dala 40 na nufin wajen dala biliyan 200. Faɗan da ake yi yawancinsa a kan wannan kuɗin ne.

Yanzu inda lissafin ke karkacewa. Siminti shi ne na farko. Fiye da rabin hayaƙinsa ba daga man tanderu yake ba, daga dutsen farar ƙasa ne, wanda in aka gasa shi a zafin da ya kai digiri 1,450 yake sakin kabon ɗin da ke jikinsa, kimanin rabin tan a kan kowane tan na kilinka, wato gasasshen dutsen da ake niƙawa ya zama siminti. Harajin da ke kan mai kaɗai ba ya ganin wannan, dole a je masana'anta a lissafa kilinkar da aka gasa. Gaba ɗaya tan na siminti na ɗauke da wajen tan 0.6, wato kilo 30 a buhu mai kilo 50, dala 1.2 a kan buhu. Mai siminti ba zai iya kauce wa wannan da sauya mai ba, sai dai ya rage kilinka ya ƙara toka ko gasasshen yumɓu a gaurin, ko ya kama iskar ya binne. Shi ya sa masu siminti a ko'ina suke cikin na gaba wajen neman rangwame.

Na biyu, man da ba a ƙona ba. Wani ɓangare na ɗanyen mai yana zama kwalta, man inji ko roba. An riga an karɓi haraji a matata, sai a mayar wa mai shi. Nan ne ƙofar maguɗi, don mutum zai iya sayen mai a matsayin kayan sarrafawa ya karkatar da shi ya ƙona. Dole takardun mayarwa su dace da abin da ya fito daga masana'anta. Haka wanda ya kama iska ya binne ta a ƙarƙashin ƙasa, sai an sa mita a bututun, an kuma ci gaba da duba rijiyar shekara da shekaru ko tana yoyo.

Na uku, gas ɗin da ke tserewa daga rijiyoyi da bututu ba a ƙone shi ba. A cikin shekara 20 na farko yana riƙe zafi fiye da ninki 80 na iskar kabon. Harajin da ke bin abin da aka sayar ba ya kama abin da ya zube a hanya. In yoyon ya yi yawa, fifikon da gas ke da shi a kan kwal sai ya zaizaye. Dokar 2022 ta Amurka ta sa caji na daban a kan wannan yoyo, daga dala 900 a tan, amma majalisa ta soke ƙa'idar aiwatar da shi a 2025. Duk shirin da ya ce a janye ƙa'idoji, a tambaye shi ko har da na yoyon gas, domin nan haraji ba ya iya maye gurbin mai dubawa da na'ura a hannu.

Cajin iyaka kuwa ya fi duk waɗannan wuya. Sanin hayaƙin tan na ƙarfe abu ne mai yiwuwa: kusan tan 2 in daga tama da kwal ne, wajen rabin tan in daga tsofaffin ƙarafa ne, gwargwadon wutar da aka yi amfani da ita. Amma mota mai sassa dubbai daga ƙasashe goma? Shi ya sa duk wanda ya fara, da ɗanyun kaya kaɗan yake farawa. Wannan ma yana da illa: in ka caji ƙarfe ba ka caji firjin da aka ƙera da shi ba, sai mai ƙera firji ya kwashe masana'antarsa ya koma waje.

Barista Ɗanlami:

Bayanin Malam Habu daidai ne, amma ni ina ganin ya yi wa kamfanonin sassauci. Goyon baya a takarda daban, goyon baya a majalisa daban. Hanyar ganewa ita ce a bi sawun kuɗin kamun ƙafa.

A Oktoban 2018 ExxonMobil ya yi alkawarin dala miliyan 1 ga yaƙin neman harajin. A wannan kakar kuma, a jihar Washington an kai wa masu zaɓe shawarar caji na dala 15 a kan tan. Kamfanonin mai sun kashe fiye da dala miliyan 30 don kayar da ita, BP kaɗai wajen miliyan 13, kuma ta faɗi a Nuwamba. A yi adalci, BP ya ba da dalili, cewa shawarar ta ware wasu manyan masu hayaƙi ta bar matatu da nauyin, kuma a 2021 ya goyi bayan wata dokar farashin kabon a jihar. Amma a kwatanta kuɗin biyu.

A 2021 an ɗauki wani babban jami'in kamun ƙafa na ExxonMobil a asirce yana cewa kamfanin na goyon bayan harajin ne don ya san ba zai wuce majalisa ba, abin faɗi ne kawai. Shugaban kamfanin ya nesanta kansa da maganar, amma a Agustan shekarar Climate Leadership Council ta dakatar da kamfanin daga cikinta. Kuma ba wannan ne karon farko da haraji ya bayyana a bakinsu lokacin da wata doka ke tafe ba. A Janairun 2009 Rex Tillerson, shugaban kamfanin a lokacin, ya ce haraji ya fi tsarin takardun izini. A shekarar ne majalisar wakilai ta zartar da dokar takardun izini da ƙuri'a 219 da 212, ta je ta mutu a majalisar dattawa a 2010. Ba a samu takardun ba, ba a samu harajin ba.

Akwai wani sharaɗi a shirin 2017 na farko da Malam Habu bai ambata ba: kariya daga ƙara a kotu kan ɓarnar hayaƙin da aka riga aka fitar. A daidai lokacin biranen San Faransisko da Oakland da New York da jihar Rhode Island suna maka kamfanonin mai a kotu. Bayan suka mai yawa ƙungiyar ta cire sharaɗin a 2019. Ga kamfanin da ke fuskantar irin waɗannan shari'u, wannan layi ɗaya zai iya fin sauran shirin daraja.

Amsar tambayarka ta uku ke nan, Malam Nafi'u. Harajin fetur na tarayya santi 18.4 ne a galan, kuma ba a taɓa shi ba tun 1993, shekarar da harajin makamashi na Shugaba Clinton ya sha ƙasa a majalisar dattawa. A Yulin 2018 majalisar wakilai ta zartar da ƙudurin da ke cewa harajin kabon cutarwa ne ga tattalin arziki, 229 da 180. Ɗan majalisa ba ya sauya ƙuri'arsa don sanarwar jarida, sai ya ga wanda ke ba shi gudummawa ya sa abin a gaban buƙatunsa. Da aka zo 2022 sai aka bi hanya mai sauƙi, aka ba da tallafi maimakon haraji, har dala 85 a kan tan da aka kama aka binne. Wannan kam kamfanoni sun yi masa aiki da gaske.

Ko inda dokar ta wuce, a duba abin da ya rage bayan ciniki. Afirka ta Kudu ta fara a ranar 1 ga Yunin 2019 da rand 120 a tan. Amma kowa na da rangwamen kashi 60 tun daga farko, ga ƙari don gasar kasuwar waje da hayaƙin sarrafawa da sauransu har zuwa kashi 95. Abin da aka biya a zahiri a 2019 ya kama daga rand 6 zuwa 48. Da wannan farashi babu tanderun da za a sauya.

Nafi'u:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Abin da na fahimta, ana iya samun harajin a suna ba tare da ya yi aiki ba. To a ƙasashen da aka sa shi da nauyi, ya ɗore? Kuma mu nan, akwai inda wannan magana ta shafe mu, ko ta Turawa ce kawai?

Hajiya Turai:

A kan ɗorewa, abin da ya fi yanke hukunci shi ne inda kuɗin suka tafi da kuma ko talaka ya ga sun tafi can. Wannan ya shafi kamfanonin kai tsaye, don tabbas ɗin da suke nema ba ya samuwa daga harajin da zaɓe ɗaya zai iya sharewa.

Ostareliya ta fara a Yulin 2012 da dalarta 23 a tan, jagoran adawa Tony Abbott ya yi yaƙin zaɓe a kan soke shi, ya zama firaminista ya soke a Yulin 2014. Duk wanda ya zuba jari bisa wannan farashi ya yi asara. Faransa ta fara da yuro 7 a 2014, ta kai 44.6 a 2018, kuɗin na shiga kasafin gwamnati. A shekarar ne kuma aka soke harajin dukiya na attajirai. Mutumin karkara mai tsohuwar motar dizal, wanda ba shi da jirgin ƙasa a ƙofar gida, ya haɗa biyun ya fito titi da riga mai ruwan ɗorawa a Nuwamba. Aka daskarar da farashin a nan.

Kanada ce ta fi ba ni takaici, don ita ce ta fi kusa da shirin Baker da Shultz. Ta fara da dalarta 20 a 2019, ta kai 80 a Afrilun 2024, kuma kashi 90 na kuɗin harajin man an riƙa mayar wa gidaje, daga baya duk wata uku. Ofishin kasafi na majalisarsu ya nuna yawancin gidaje na karɓar fiye da abin da suka biya kai tsaye. Amma mutum yana ganin farashin a gidan mai kowane mako, kuɗin kuwa suna shiga asusunsa da wani suna da bai gane ba, sai a 2024 aka sauya sunan. A Oktoban 2023 gwamnati ta cire man ɗumama gida daga harajin na shekara uku, abin da ya fi amfanar yanki ɗaya, sauran suka ce mu fa? Ƙananan 'yan kasuwa kuma an yi musu alkawarin kasonsu tun 2019, dala biliyan 2.5 suka taru ba a biya ba sai ƙarshen 2024. Su ba su da rangwamen manyan masana'antu, ba su da rabon gidaje, sai suka zama 'yan adawa. Idan ana cewa 'yan kasuwa na goyon baya, a tambaya waɗanne. A ranar 1 ga Afrilun 2025 Firaminista Mark Carney ya mayar da cajin masu saye sifili.

Abin lura, na manyan masana'antu bai faɗi tare da shi ba. Tsarinsa daban ne: ana yanka ma'auni, a ce tan na siminti hayaƙi kaza ya kamata ya fitar. Wanda ya wuce ya biya a kan rarar, wanda ya gaza ya samu takardar da zai sayar. Kowane tan da ka rage yana da cikakken farashi, amma jimillar abin da ka biya kaɗan ce. Ya fi rangwame na bai ɗaya, Barista, don bai kashe ƙwarin gwiwar ragewa ba. Matsalarsa in aka yanka ma'aunin da sauƙi, takardu su yi yawa a kasuwa farashinsu ya karye.

Suwidin ce ta ɗore. Ta fara a 1991 da kurona 250 a tan, cikin babban garambawul da ya rage harajin albashi, ta hau a hankali har ta wuce dala 100. Masana'antu sun daɗe suna biyan ƙasa da na gidaje, sai 2018 aka daidaita. Kuma mutane na da mafita, an mayar da ɗumama gidaje daga mai zuwa tarkacen katako da bututun ruwan zafi na gari. Hayaƙin ƙasar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku daga 1990, tattalin arziki na ƙaruwa.

Malam Habu:

Barista, na karɓi gyara a kan kariyar kotu, ya kamata in ambata. Inda ban bi ka ba shi ne, ko da niyyar wasu ba ta da kyau, lissafin Injiniya bai sauya ba. Tsarin na aiki ko wa ya kawo shi, in dai ba a cinye shi da rangwame ba.

Malam Nafi'u, ta shafe mu, kuma ba ta Amurka za ta iso ba, ta Turai ce. Tarayyar Turai ta riga ta kafa cajin iyakar da ake magana. Daga Oktoban 2023 zuwa ƙarshen 2025 rahoto kawai aka riƙa bayarwa, daga Janairun 2026 kayan da suka shiga suna ɗauke da biya. Ya shafi siminti, ƙarfe, alminiyam, takin zamani, lantarki da haidurojin. Birtaniya ta tsara nata daga 2027. A dokar Turai akwai saɗara mai muhimmanci: duk kuɗin kabon da aka riga aka biya a ƙasar da aka yi kayan, ana cire shi daga cajin. Kenan ga mai fitar da takin yuriya ko alminiyam zuwa Turai, kuɗin zai biya su ko ta yaya, tambayar ita ce a baitulmalin wa za su zauna. Wannan ne zai sa wata rana ka ji masu masana'antu a Afirka su ma suna neman haraji na gida a kan kayan fitarwa. Sai dai abin da aka biya a zahiri ake cirewa, ba farashin da ke rubuce a doka ba, saboda haka rangwame irin na Afirka ta Kudu ba ya ceton kowa a can.

Najeriya na da ƙofa a doka. Dokar sauyin yanayi da aka sa wa hannu a Nuwambar 2021 ta ɗora wa majalisar ƙasa kan sauyin yanayi ta tsara hanyar harajin kabon tare da hukumar tara haraji ta tarayya. Akwai kuma abin da ya yi kama da shi, tarar ƙona gas a rijiyoyin mai: a 2018 an yanka ta dala 2 a kan kowace kubik-ƙafa dubu ta gas ga mai haƙo ganga 10,000 ko fiye a rana, santi 50 ga ƙananan. A ganina nan ya kamata a tsaya tukuna, da manyan masana'antu 'yan kaɗan masu fitar da kaya. Ɗora shi a kan fetur da dizal kuskure ne yanzu. Cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ɗaga lita daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, wanda ya ninka santi 9 ɗin Injiniya sau da yawa. Masaƙa ko injin casar shinkafa a Sharaɗa ko Challawa da ke kan janareta na shan kimanin lita 0.3 na dizal a yunit, wato kilo 0.8 na hayaƙi, kuma ba don son ransa ba ne, wuta ce babu. Haraji na sauya hali ne in akwai abin da za a koma. Gana ta gwada a Fabrairun 2024, sidi 75 a shekara a kan babur, 150 a kan ƙaramar mota, ba tare da la'akari da ko ka yi tafiyar kilomita goma ko dubu goma ba. Wannan harajin mallakar abin hawa ne, bai da alaƙa da hayaƙi, kuma an soke shi a 2025.

Injiniya Larai:

Ƙari kaɗan ga duk mai masana'antar da kayansa ke zuwa Turai. An ce a 2026 kashi 2.5 kawai na rangwamen kuɗin kabon da masana'antun Turai ke samu aka janye, sai 2034 zai ƙare gaba ɗaya, wasu suka ɗauka cajin 2026 ba komai ba ne. Ba haka lissafin yake ba. Ana ɗaukar hayaƙin kayanka, a cire kashi 97.5 na ma'aunin masana'antun Turai mafiya tsafta, abin da ya rage a biya shi da cikakken farashi. In tanderunka ya fi nasu hayaƙi, duk rarar tana kanka tun shekarar farko.

Mai shigo da kayan ne ke biya, amma daga gare ka zai nemi alƙaluma. Ana lissafi ne masana'anta-masana'anta, ba kamfani gaba ɗaya ba. A sa mita mai shaidar daidaito a bututun gas na kowane sashe, a ajiye rasiɗin mai da na kayan sarrafawa na shekara guda cur, a raba hayaƙin a kan tan ɗin da aka samar, a haɗa da na kayan da aka sayo aka ƙara, kamar amoniya ko kilinka. Sannan mai tantancewa da Turai ta amince da shi ya duba ya sa hannu. Inda aka fi tuntuɓe shi ne mita ɗaya tana ciyar da sassa biyu, ko tashar lantarki ta cikin gida da ba a raba wutarta ba. In alƙalumanka ba su samu sa hannu ba, za a yi maka lissafi da adadin da suka yanka wa ƙasarka, wanda aka ɗaga shi da gangan, kuma mai saye zai cire bambancin daga farashin da zai ba ka.